Rumfar da Kawu Ya Yi wa Na'urata

Dutsin-Ma

Ana sallame Asuba na nufi tasha, ko koko ban tsaya sha ba. Rawayau zan je in ɗauko na'urar da malamina ya aro mini don binciken digirina. Aikinta harba hasken leza sama, ya daki gajimare ya dawo, ta rubuta tsawonsa daga ƙasa. Sharaɗinta ɗaya ne, kada wani abu ya shiga tsakanin idonta da sararin samaniya. A tsakar gidan Kawu Sada na girke ta tun farkon damina, don yana da katanga da sola. Ranar ce wa'adin aron ya cika, kuma da abin da ta tattara zan rubuta kundina.

Kurfi

Bakwai saura muka wuce shingen jami'an tsaro. A Kurfi na ci waina a tsaye, na hau babur. Da mai babur ya ji gidan da za ni, sai ya ce ai duk gari an san injin Malam Sada, ana lallaɓa shi kamar amarya. Na yi dariya, ni wawa.

Rawayau

Ina shiga gidan na nufi inda na girke ta. Rumfa na gani ta kwanon rufi, da ginshiƙai huɗu da zana a gefe, na'urata a ƙarƙashi tana shan inuwa. Na buɗe kwamfuta na duba abin da ta tattara: tun daga kwana na biyu, gajimaren Rawayau bai wuce tsayin mutum ba.

Kawu ya fito da fara'arsa. Ya ce washegarin tafiyata ya taɓa ta da azahar ya ji ta yi zafi rau, ga kuma hadari yana haɗuwa.

"Amanar ɗan ƙanwata ta kwana a ruwa a gidana? Mi zan ce ma uwarka?"

Na tuna na gaya masa kada yara su taɓa, kada awaki su matso. Maganar sama kuwa ban yi ba, don ban taɓa zaton sai an faɗa ba. Na buɗe baki zan yi magana, sai idona ya kai kan ɗakinsa. Rabin rufin babu kwano, leda ce aka danne da duwatsu, bangon ya jiƙe har ya fara zaizayewa.

"Ta yi aikin kuwa, Bishir?"

"Ta yi, Kawu. Allah Ya saka muku da alheri."

Komawa

Da la'asar na iso Dutsin-Ma lafiya, alhamdu lillahi, da na'ura ko ƙwarzane babu. Kundina sai wata daminar, in an sake ba ni aro. Kafin in je wurin malamina, sai da na nemi kafinta na tura shi Rawayau ya mayar wa Kawu da rufinsa.