Wandon Ɗan Fari

Sana'ata a Sabha ta ƙasar Libiya sayar da wandon jins na maza ce, kuma rabin sana'ar duba ne, ko da yake ba ƙasa nake bugawa ba. Kayan da zan sayar da sanyi, tun da zafi nake faɗa wa dilan da ke kawo mana daga Tarabulus. In na yi kuskure kuwa, sai in zauna da tulin wanduna ina kore musu ƙuda har shekara ta zagayo. Shi ya sa na koyi kallon ƙafafun mutane. Da hantsi nakan tsaya inda ƙananan bas ke sauke 'yan jami'a, ba ruwana da fuska, daga ƙugu zuwa ƙasa nake kallo. In na ga samari masu ji da kansu sun fara naɗe bakin wando, ko sun bar baƙi sun koma shuɗi mai haske, na san inda kasuwa ta dosa. Abin da ɗan Libiya ya sa bana, shi leburorinmu za su nema baɗi in za su gida, daga nan kuma ya isa ƙauyukan Maraɗi da Damagaram.

Ba wanda ya wahalar da ni a kan wannan duba kamar wani dattijo mutumin Nijar, daga wani ƙauye bayan Tasawa. A gonar dabino yake aiki a Zigan, wani gari kusa da mu, ban ruwa da hawan bishiya. Shi kansa bai taɓa sa jins ba, wandon yadi yake ɗaurawa da mazagi. Ranar da ya fara zuwa rumfata, bayan an gama yankan dabino, ya daɗe yana shafa wanduna, har raina ya ɓaci.

Na ce, "Malam, in saye za ka yi ka saya, in shafa kake so ga bango can."

Ya yi dariya, ya ce na yaro yake nema. Na ce wane yaro, lamba nawa yake sawa? Sai ya kawar da kai, ya ce, "Yaron nan dai na gida." Nan na gane ɗan farinsa ne. Mutum ne mai kunya irin ta mutanen da, ba ya kama sunan ɗan fari, ba ya hira da shi. Ya baro shi yana kiwon awaki, kansa bai wuce ƙirjin uban ba.

Ya duba kasuwa, ya nuna wani ɗan Larabawa da ya ɗauko burodi, ya ce, "Yanzu zai kai wancan." Na auna yaron da ido na ciro wando. Sai ya riƙe hannuna ya ce, "Mai wando, ba wanda ake yayi yau nake so ba. Wanda za a yi yayi a can lokacin da zan isa." Na ce yaushe za ka isa? Ya ce da zarar sanyi ya wuce, in mai gonar ya sallame shi. Na zaɓa masa, ya biya, ya ce in ajiye masa don ɗakin da suke kwana akwai ɓeraye.

Sanyi ya wuce bai tafi ba. Mai gona ya ce ya tsaya a yi barbarar dabino, wato sa wa macen dabino furen namiji, bayan barbara aka ce hanya ba kyau, da hanya ta yi kyau kuma daga gida aka ce damina ta ƙi, ya daure ya ƙara aikowa. Da aka yanke dabino sai ga shi, ya ce in sauko da ajiyarsa. Ya ɗaga wandon ya girgiza kai, ya ce ai yanzu yaron ya fi ƙarfin wannan. Na musanya masa da babba, na sabon yayi, ya sake bar mini.

Haka muka riƙa yi duk shekara, har na daina mamaki. Shekarar da aka shiga matsattse, wanda mutanen Kano ke ce wa fensir, ya tambaye ni ta ina ƙafa ke shiga, kuma yaya mutum zai yi sujada. Shekarar yagagge kuwa sai da maƙwabta suka leƙo. Na rantse masa nan da baɗi duk saurayin da gwiwarsa ba ta waje ba za a kula shi a dandali ba. Ya ce, "In kwaso wa yaro tsumma tun daga Libiya? A ce uban a bola ya tsinto?" Na ce to ka je ka ɗinka masa buje. Da ƙyar muka shirya a kan wani mai koɗaɗɗiyar cinya, ba yaga.

Na sha ce masa ya bar wahalar da ni, direbobin Agadas nawa na sani, a ba su su kai. Kullum amsarsa ɗaya ce: "In na aika, ya san ba zan zo ba ke nan." Na ce to ka tambaye shi lambarsa a waya mana. Ya ce subhanallahi, da wane bakin? In ya buga waya da uwar yake magana, da ƙannen yaron maza. In aka miƙa wa yaron, sai ya ce ina wuni, shi ya ce lafiya lau, su yi shiru har a karɓi wayar. Hoton da yake da shi na ranar Salla ne, fuska ce da babbar riga, ba abin da mai wando zai karanta a ciki.

Tsawo ba mu cika musu a kai ba, ya ce tsawon kakansa zai yi, yana nuna mini da hannu sama da kansa. A ƙugu muke faɗa. Duk shekara sai ya ce in ƙara lamba. Na ce, "Haba Malam, ɗan Sarkin Fawa ka haifa?" Ya ce, "Ai yana ci. Me nake yi a nan in ba don ya ci ba?" Ni kuwa aikina kallon ƙugu ne, ina ganin nasa yana tafiya, mazagin yana ƙara tsawo a gaba. Na ce masa ya tafi gida haka nan, ko da wando ko ba wando. Ya ce in Allah ya so.

Zuwansa na ƙarshe yana tari mai fitowa daga can ƙasan ƙirji. A lokacin na hango mai faɗin ƙafa zai dawo, abokan kasuwa suna yi mini dariya. Na ciro masa ɗaya shuɗi mai duhu, mai kauri, lamba talatin da shida kamar yadda ya nace. Ya shafa shi ya ce wannan ne wandon mutunci, bana kam da hannunsa zai miƙa.

Tsakiyar sanyi abokan aikinsa suka zo mini wata Juma'a bayan masallaci, suka ce ya rasu, har an rufe shi a Zigan. Wallahi na yi kuka a gaban mutane, ban ji kunya ba. Duban nawa kuma ya ci, mai faɗin ƙafa ya ƙare kaf a kasuwa, saura ɗaya rataye cikin leda a bayan rumfata. Samari suna nunawa ina cewa an saya. Na yi niyyar ba direba ya kai, sai in tuna maganarsa in kasa.

Da zafi ya shigo, waɗannan abokan aikin suka dawo da wani dogon saurayi, leɓɓansa duk sun tsage da hanya. Ba sai sun faɗa ba. Tsawon nan ne da ake nuna mini da hannu. Suka ce tun da aike ya yanke, shi ne babba, ya biyo mota ya zo ya karɓi aikin uban.

Ya gaishe ni a ladabce, ya ce, "Kawu, an ce kun saba da shi. Ni ban san shi sosai ba. Ko a waya ba ya ce mini komai."

Raina ya ɓaci, ban san da wa ba. Na ce ya zauna. Na ba shi labarin ɗan Larabawa mai burodi, da fensir, da faɗan yagagge, da yadda mutumin nan yake tsayawa yana bin samarin kasuwa da ido yana cewa zai kai wancan, a'a ya fi wancan. Sannan na sauko da ledar na ce, "Shiga bayan labule ka gwada. Naka ne."

Ya fito. Tsawo ya zauna daidai a kan idon sawu, ko tela ya auna sai haka. Amma ya damƙe ƙugun da hannu ɗaya, yadi cike da tafinsa, in ya saki sai ƙasa. Ya dubi abin da ke hannunsa ya daɗe.

Ya ce, "Kawu, a haka yake zaton nake?"

Na ce, "A haka. Cewa yake kana ci."

Ya ce, "Gidan da yawa. Abin da ya aiko rabawa ake yi, ga ƙanne."

Na ce ya tuɓe, ga tela nan kusa, yanzu a rage masa. Ya girgiza kai. Na ce haba ɗana, yaya za ka hau dabino da wannan? Ya ce ba na aiki ba ne, kuma kar a taɓa masa shi. Ya sa hannu cikin ƙullin kayan uban da aka ba shi, ya zaro mazagin, ya zura shi cikin kunnuwan wandon, ya ja har yadin ya tattare, ya ɗaure.