Kazar Ɗorin Asabe Mai Tulu

A Unguwar Sarki, in ka tambayi gidan Asabe, za a ce maka wace Asaben, don unguwar ba ta rasa masu sunan ba. Amma ka ce Asabe Mai Tulu, ko akuya sai ta nuna maka ƙofar da ƙaho. Ba sayar da tulu take yi ba, ba kuma ruwa take ɗiba da shi ba. Kaɗa shi take yi. A Zumuntar Mata ta cocinsu ita ce mai zama a gaba, ta rungume wani baƙin tulu tsakanin gwiwoyinta, tana dukan bakinsa da ɗan faifan soso, shi kuma yana amsawa da wata murya mai kauri da kan sa tsofaffin da suka rantse ƙugunsu ya mutu su miƙe su taka.

Amarya aka kawo ta Kaduna daga wani ƙauye a ƙasar Zazzau, gidan wani masinjan ma'aikata a Doka, bawan Allah da ya yi rayuwarsa shiru don bai taɓa samun gurbin da zai sa baki ba. Ya rasu ya bar mata ɗa guda, Istifanus, da ɗakuna biyu, da tandar waina. Da wainar nan ta yi wa yaro makaranta har ya zama mai ɗaura lakataye.

Duniya ba ta yi mata da sauƙi ba, ita ma ba ta bar duniya ta ga hawayenta a arha ba. Shekarar da iska ta yaye mata rufin ɗaki, maƙwabta suka zo jaje suka tarar da ita zaune kan katifa jiƙaƙƙiya tana kallon sama. Ta ce, "Ubangiji ne ya ga addu'ata tana maƙalewa a kwano, ya buɗe mata hanya." Masu jaje suka koma gida suna riƙe da ciki.

Lokacin da gari ya yamutse a shekarun baya, Kiristoci da yawa suka kwashe kaya suka haye kogi zuwa kudu, Asabe ta ce ita ba ta iya ruwa ba. Aka ce ai akwai gada. Ta ce gadar ba ta gayyace ta ba. Gaskiyar maganar ita ce cocinsu, ɗan ƙaramin gini da yanzu benci ya fi mutane yawa a cikinsa. Takan ce, "Ni mai tuya ce. Na san garwashin da aka ware daga murhu, kafin ka juya ya koma gawayi. In kowa ya tafi, wa zai hura wa wani?" Ga kuma Hansai, maƙwabciyarta Musulma, matar Malam Lawan kafinta, wadda katanga kawai ta raba su, ita ma katangar ta gaji ta rage tsawo.

Istifanus kuwa ya yi gida a Sabon Tasha, can kudancin kogi, har da ɗaki na musamman da ya ware wa uwarsa. Shi zuwansa coci irin zuwan mutane asibiti ne, sai ta kama: Kirsimeti, Ista, da ranar da aka yi rasuwa. Kullum maganarsa ɗaya, Mama ki dawo wurinmu. Kullum amsarta ɗaya: "Ranar da na kasa zuwa coci, zo ka ɗauke ni kamar buhun masara."

To, sai ga shi an zo ana haƙa kwata a lungunsu, aka tone shi tun daga baki har ƙarshe, ko Keke Napep ba ya shiga. Wata yamma Asabe tana dawowa daga koyon waƙa, tulu a ka, sabuwar waƙa a baki, ƙafa ta ce ita ma sai ta sa hannu. Ta yi taku biyu gaba, ɗaya gefe. Gefen nan rami ne. Waɗanda suka gani sun ce tana faɗawa ta ɗaga tulun sama da hannu biyu kamar mai miƙa jariri. Tulu ko tsagewa bai yi ba. Ƙafar hagu ce ta amsa.

Kafin Istifanus ya fito daga cunkoson gada, Hansai ta riga ta aika unguwar Mando an ɗauko Malam Sanda maɗori. Dattijo ne mai ƙarancin magana, ɗorin kuma gadon gidansu ne, da sharaɗinsa. Da ya gama ja da gyara da ɗaure ƙafar da karare, Asabe tana kiran sunan Yesu tana haɗawa da sunayen matan Zumunta ɗaya bayan ɗaya, sai ya sa aka kamo masa kaza a tsakar gida. Ya karya mata ƙafar hagu, ya ɗaure ta kamar yadda ya ɗaure ta Asabe.

Ya ce, "Iya, ranar da kazar nan ta taka ƙasa, ke ma ki taka. Kafin nan, ko gobara ce, sai dai a ɗauke ki."

Asabe ta share gumi ta ce, "Malam, ni Yesu ne likitana. Amma tunda ya aiko ka har da nas, to sannunta da zuwa." Daga ranar sunan kaza ya zama Nas.

Istifanus ya iso ya ga uwa a ɗaure, kaza a ɗaure. Ya tuna mata alkawarinta. Ta ce ai ba a yanke wa mai karaya hukunci ranar da ya faɗi. Suka ja, suka ja, har suka tsaya a kan Lahadin Zumunta, ranar da mata ke riƙe sujada tun daga addu'ar buɗewa har ta rufewa, wadda saura 'yan makonni. Ya ce, "Mama, in ranar ba ki cikin coci, da motar a-kori-kura zan zo in kwashe ki da kayanki. Ba ni da sauran magana."

Nan fa Asabe ta buɗe makarantar koyon tafiya. Daga kan kujerarta takan watsa dawa nesa kaɗan, ta ce, "Nas, taho, 'yar albarka." Nas ta kalli dawa, ta kalli Asabe, ta lumshe ido. Ashe Hansai ce ke zagayowa tana tura mata gutsuren waina har gaban baki, wai tausayi. Kaza ta gano cewa kwanciya ma sana'a ce. Ta yi ƙiba, ta yi sheƙi, ta zama kamar matar ɗan kwangila. Asabe ta kaɗa mata tulu, ta yi mata waƙa, har wa'azi ta yi mata a kan lalaci. Ana saura kwanaki kaɗan, sai Nas ta fara miƙewa tana gwada ɗora ƙafar, ta ɗage, ta sake gwadawa. Asabe ta ce wa Hansai a shirya zanen Zumunta.

A ranar ce matan Zumunta suka zo dubiya, Uwar Zumunta Mama Rifkatu a gaba, mace mai zafin nama wadda ba ta iya ganin aiki ta wuce. Suka cika ɗaki da waƙa da addu'a. Asabe tana tsakiya tana ba da amshi, Hansai kuma ta tafi kasuwa. Mama Rifkatu ta leƙa tsakar gida ta ga kaza mai ƙiba, gurguwa, tana fama da ƙafa. Ta ce a ranta, ga mara lafiya na buƙatar farfesu, ga kaza na buƙatar hutu. Kamar yadda aka saba a lungun, don kowa ya iya ci, ta aika wa Malam Lawan ya yanka. Shi kuma bawan Allah, maganar kazar ɗori ba ta taɓa shiga shagonsa ba. Ya ga ɗaurin ƙafa ya tambaya, aka ce ai shi ya sa za a yanka ta. Ya yi bisimilla.

Farfesu ya yi daɗi, wannan ba a musu. Asabe ta sha romo har tana cewa wannan kazar ta san gidan da aka yi kiwonta. Hansai ta dawo aka miƙa mata fiffike. Aka kai wa Malam Lawan wuya, ladan wuƙa. Istifanus ya biyo daga ofis, aka ce namijin gida ya zo, aka ajiye masa ƙundu da cinya, ya ci ya tanɗe yatsu.

Washegari Malam Sanda ya zo duba ɗori. Ya taɓa ƙafa, ya gyaɗa kai, ya waiwaya. "Ina kazar?"

Hansai ta fita kira. Ta zaga bayan randa, ta leƙa ƙarƙashin murhu. Abin da ta dawo da shi 'yan karare ne da zare, ta tsinto a inda aka fige gashi. Ta tsaya bakin ƙofa tana kallon Asabe, Asabe tana kallon cikinta.

Malam Sanda ya karɓi kararen ya jujjuya su. Sannan ya ce, "Tun kakana ba a taɓa cinye mana ita ba." Ya ce tunda babu mai nuna rana, sai ya bi a hankali da abin da hannunsa ya gaya masa, kuma hannunsa bai ce wannan Lahadin ba, bai ce mai bi mata ba. Ƙafa ba za ta taɓa ƙasa ba.

Malam Sanda ya yi sallama ya tafi. Asabe ta jawo tulun ta rungume, tana shafa bakinsa. Ta ce a hankali, "Hansai, a ɗakin can na Sabon Tasha har da fanka da talabijin. Sai dai ba wanda zai ƙwanƙwasa mini katanga." Hansai ta juya baya tana gyara ɗankwalin da bai kwance ba.

Can sai kafaɗun Asabe suka fara rawa. Hansai ta zaci kuka ne. Dariya ce, har da hawaye.

"Sabo da kaza ba ya hana yanka, yau na gani da idona. Ke, wa ya ci fiffike?"

"Ni ce, Yaya Asabe, amma wallahi ban sani ba."

"Wuya fa?"

"Malam."

"To, kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Kun cinye mini ƙafa, ku ne ƙafafuna. Kira mini Uwar Zumunta."

Ranar Asabar Malam Lawan ya ɗauki kujerar Asabe ya buga mata dogayen katako biyu a gefe, ya ƙara ɗan allo a gaba inda ƙafa za ta miƙe. Ragowar katakon ya shimfiɗa a kan ramukan lungu, yana aiki yana cewa shi dai wuya kawai ya ci, wuyan ma ba nama.

Lahadi da safe Istifanus ya tsayar da a-kori-kura a bakin lungu, ya shigo da igiyar ɗaure kaya. Sai ya ci karo da ayari. Mata cikin zanen Zumunta, kacau-kacau na tashi, uwarsa a sama kan kujera kamar amarya, ƙafa a miƙe gaba tana nuna hanya, tulu a cinya. Mama Rifkatu ta kama katako ɗaya tana haki, Malam Lawan ɗaya, Hansai ɗaya. Na huɗun wata tsohuwa ce ke fama da shi, kujera duk ta karkace.

Ya ce, "Mama, wannan ai wasa da lafiya ne."

Hansai ta ce, "Istifanus, wa ya ci ƙundu?"

"Inna Hansai, ni ba ni aka yi."

"Mu ma ba sata muka yi ba. Kama nan, ɗan nan, kafin uwarka ta koma ramin da ta fito."

Ya ajiye igiya ya sa kafaɗa. Aka bi kan katako ana tangaɗi, Asabe tana ba da umarni daga sama, a yi dama, a yi hagu, wanda ya ci cinya ya daina rawar ƙafa. Masu shago suka janye bencinsu, mai shayi ya ɗage tebur, ana ta yi mata Allah ya ƙara sauƙi tana amsawa da tulu. A bakin lungu ta hango a-kori-kura ta ce, "Ka ga ɗan kirki, har mota ya kawo mana." Kafin Istifanus ya buɗe baki an ɗora kujera a baya, matan Zumunta sun dare. Hansai da Malam Lawan suka tsaya nan. Hansai ta ce, "Iyakarmu ke nan. A sa mu a addu'a, a kuma dawo mana da ita kafin azahar, na ɗora tuwo."

A coci aka sauke ta a gaba. Fasto ya ce ya sha karanta labarin mara lafiyan da abokansa suka ɗauko zuwa wurin Yesu, amma bai taɓa jin wanda aka biya masu ɗaukarsa da farfesu ba. Sannan Asabe ta ɗaga faifan soso ta sauke. Tulu ya yi magana, tsofaffi suka miƙe. Istifanus yana zaune shi kaɗai a kan dogon benci, riga jiƙe da gumi, kafaɗa na zogi. Wata tsohuwa ta matso ta leƙa fuskarsa ta ce, "Ba ɗan Asabe ba ne? A nan wurin kake barci kana yaro." Ta zauna kusa da shi, ta miƙa masa rabin littafin waƙarta. Ya duba gaba ya ga uwarsa, ido rufe, ƙafa ɗaure da karare, fuska kamar wadda aka yi wa albishir. Bai san lokacin da ya fara amshi ba.

Da aka tashi, ya sallami mai a-kori-kura bayan ya mayar da su bakin lungu. Ya sake sa kafaɗa. Suna cikin tafiya ya ce, "To Mama, Lahadi mai zuwa wa zai ɗauke ki?"

Ta ce, "Kazar nan ba ƙarama ba ce. Ƙundunta ma haka."

Malam Sanda ya daɗe da kwance ɗorin. Asabe tana tafiya da ƙafarta, da ɗan ɗingishi da ta ce sabon salon rawa ne. Ɗakin Sabon Tasha an zuba buhunan masara a ciki. Kujerar mai katako tana shagon Malam Lawan, ya hana a cire mata hannuwa, wai ba a san gaba ba. Istifanus kuwa har yau duk Lahadi yana haye gada da sassafe, ya zauna a bencin nan kusa da tsohuwa. In abokansa suka tambaye shi me ya rasa a cocin unguwarsu, sai ya shafa ciki ya ce wani ƙundu ne ya ci, har yanzu bai narke ba.