Katakon Yaya Dogo

Yayana ya buga ƙwallon kwando shekara goma sha huɗu, a ƙungiya goma sha ɗaya, kuma sau ɗaya tak hotonsa ya fito a jarida, shi ma rabin kafaɗarsa ce a bayan wani. Dogo ake ce masa. Aikinsa ciko ne. In ɗan wasan wata ƙungiya ya ji rauni, sai a kira shi ya riƙe gurbin, wata shida ko shekara. Ya shiga fili ya tsaya ƙiƙam ya tare abokan hamayya don mai jefawar ƙungiyarsa ya samu sarari, ya sha gwiwar hannu a haƙarƙari, a fito da shi. In na tsokane shi sai ya ce, "Ke dai yi ta dariya, da haƙarƙarin nan aka saya miki keken ɗinki."

Saboda yawan tashi, bai taɓa kafa ƙusa a bangon gidan haya ba. Labule ma a igiya matarsa take ratayawa. Da aka haifi 'yarsu, ya samo wani dogon katako, a jikinsa yake auna tsawonta da fensir duk wata uku. In za a tashi, katakon ne farkon shiga mota.

Kafin ta cika shekara tara ta yi makaranta biyar, har ta daina riƙe sunayen 'yan ajinsu. Abin ya ci mini rai, na kuwa faɗa masa. Sai ya hau murza gwiwarsa mai ciwo.

Bara yarinyar ta yi ƙawa, 'yar maƙwabta, kullum suna tare. Ina gidan ranar da aka bugo masa waya daga wata ƙungiya mai nisa, suna son shi na wata takwas. Shekararsa talatin da biyar, ya san in ya ƙi wannan ba mai sake nemansa. Yarinyar ta ji komai. Ta tashi ta jawo katakon daga bayan ƙofa, ta jingina shi kusa da jakarsa, ta koma ta zauna.

Yaya ya daɗe yana kallon katakon. Can ya dubi matarsa.

"Akwai guduma a gidan nan?"

"Mu da guduma?" in ji ta. "Me muka taɓa kafawa?"

A maƙwabta ya aro. Sai da ya lanƙwasa ƙusa uku kafin ta huɗu ta ratsa katakon ta shiga bango, don hannun bai saba ba.