Don Fulgencio da Injin Motar Mahaifinsa

Gari na wayewa Don Fulgencio Ocaña zai ɗage ƙofar garejinsa a Cuautepec, unguwarmu da ke kan tudu a gefen birnin Mexico, ya tsaya bakin titi da kofin kunun masara, yana sauraron ƙananan motocin tasin nan da muke kira vocho suna gurnanin hawa tudu. Ƙarshen watan nan zai ajiye sifana.

Ƙaramar motar nan mai ƙusumbi a hannun 'yan gidansu ta tsufa. Mahaifinsa ya gyara na farko, 'yan Jamus, shi kuma ya tashi da ƙirar garin Puebla na nan ƙasarmu. A gabansa aka yi musu koren fenti, aka cire kujerar gaba don fasinja ya samu hanyar shiga baya, suka cika birnin Mexico maƙil. A gabansa aka daina ƙera su a 2003, daga baya aka kore su daga tasin cikin gari. Sai suka gudo mana nan sama, inda injin nan nasu na baya ke danne taya, su haye inda manyan motoci ke tirjewa.

Bara injin motar Chayo ya buga. Ita ce direbar da ke sauko da Doña Eulalia wankin ƙoda. Tsohuwar ba ta iya lanƙwasa ƙafa, sai a gurbin kujerar da aka cire take miƙe su. Jibi ranar asibiti, ga jiki ya fara kumbura, ga inji mai kyau ya yi wuya.

"Maestro, ka rufa min asiri!" in ji Chayo, tana hawaye. Haka muke kiransa, wato babban oga.

"Ke da kike tuƙi kamar an biyo ki da adda? Matsa min can."

Ya yaye tamfol daga motar marigayi mahaifinsa, wadda ko noti bai taɓa yarda a kwance mata ba, ya sauke injinta da hannunsa, ya ɗora wa motar Chayo. Mu da muke wurin mun ga idonsa ya kaɗa ya yi ja.

"Haba Maestro, ta babanka ce fa," in ji Chayo.

"Tsohon nan ya tsani zaman banza. Tayar mu ji!"

Kai ne gatan tudunmu, Don Fulgencio. Ka bar motar da ka fi so ba inji, don wata tsohuwa ta kai asibiti. Mun gode, har cikin rai. Masu gareji na bayanka, ku dubi wannan ku yi koyi.

Doña Eulalia kuwa tana nan da ranta. Ta rantse ita za ta dafa kazar walimar sallamarka, ko da a zaune ne.