Wasiƙar da ruwa bai kai ba

Shekarun baya, maƙwabcinmu a Kura ya sami gona ta wajen Bunkure, ya kwashe iyalinsa ya koma can. 'Yata tana aji biyu a firamare lokacin, shi ke nan ta rabu da babbar ƙawarta, 'yar maƙwabcin. Wasa ya fita daga ranta. Mun gwada haɗa su a waya, sai kowacce ta riƙe ta yi tsit.

Ana haka mahaifiyata ta zazzage tsohuwar adakarta, sai ga wani littafin hotuna na zamanin da nake firamare, gara ta ci gefensa. A ciki akwai mutum a kan keke, ya rataya jakar wasiƙu. Yarinya ta tambayi aikinsa, na yi bayani har da gishiri, ni da rabona da rubuta wasiƙa tun ina neman auren mahaifiyarta.

Na ce, "To ki rubuta wa ƙawarki mana."

Ta yi ta fama da fensir, ta goge ta sake, har takardar ta huje. Da ta gama ta ce a kanal, magudanar ruwan noman rani, za ta saka, tunda yanzu babu mai keken. Na ce ai ruwan daga wajen su ƙawarta yake gangarowa, ba ya komawa. Da na sani na ja bakina.

"Ashe ita ce za ta aiko min, Abba."

Kullum aka tashi daga makaranta sai bakin kanal, tana leƙen duk takardar da ruwa ya ɗauko. Hankalina ya tashi, don a lokacin noman rani ruwan nan cike yake.

Sai na ba abokina mai kai tumatir kasuwar Bunkure wasiƙar. Ya ce, "Yanzu kuma ɗan aike na koma?" Kasuwa ta zagayo, ya dawo da amsa. Babu kalma ko ɗaya, ashe ƙawar ba ta iya rubutu ba tukuna. Tafin hannunta ta ɗora a takarda ta zagaye da biro.

Ina laluben kalmar lallashi, 'yata ta ɗora hannunta a kan zanen. Ta daɗe a haka, sannan ta ce, "Abba, ta ƙara girma."

Daga ranar ta daina zuwa kanal, ta koma jiran ranar kasuwa da fensirinta. Har yau abin yana ba ni kunya kaɗan. Ni da na yi boko na duba takardar na ga wayam, ita kuwa ta karanta.