Galan Mai Jan Murfi

Wata Talata ce a tsakiyar damina, shekarar da na shiga aji huɗu, lokacin da kuɗin fetur suka fara kawo wa ƙauyenmu na kusa da Mairuwa kwanon rufi da rediyo da maganin feshin auduga. An tashe mu hutun tara, muna zaune gindin ɗorawar makaranta, sai ga ƙanena Audi yana taƙama da wani ɗan galan fari mai jan murfi, cike da kunun tsamiya. Kakarmu Inna Delu ce ta ba shi. Ni kuwa 'yar ƙwaryata ce ta kullum, wadda rabin kunun ke ƙarewa a zanena kafin in iso. Wallahi na ji haushi, don Inna ba ta ɓoye son kai: Audi ne angonta, ni 'yar aike.

Galan ɗin na maganin feshi ne da Baba ya gama da shi. A zamanin ba mai yar da irinsa, mata har roƙo suke su samu na zuba man gyaɗa. Inna ta wanke shi da toka, ta sake da sabulun salo, ta shanya a kan danga, ta sansana ta ce ya fita tas.

Ba a koma aji ba Audi ya fara amai, miyau na dalala, gumi ya jiƙa masa riga sharkaf. Malam Bawa, mai duba mana farce da haƙora kowace safiya, ya ɗauki galan ya karanta jikinsa, nan take fuskarsa ta canza. Aka ruga gida aka faɗa. Inna ta iso a guje ko mayafi babu, riƙe da ƙwaryar nono za ta ɗura masa. Malam ya tare ta cikin ladabi: "Inna, kar a ba shi komi. Asibiti za mu, kuma da galan ɗin, don su san abin da ya sha." Da zanena aka goya masa Audi, ya taka keke zuwa bakin titi, suka samu motar Funtua.

Kwanakin da suka yi can Inna ba ta sa komi a baki ba, tana zaune bakin zaure tana kallon hanya. Ban taɓa jin tausayin mutum kamar yadda na ji nata ba. Ranar da Audi ya dawo, a rame amma da ƙafarsa, ta rungume shi, ta kasa tsokanar da ta saba. Washegari ta ɗauki ƙusa da dutse ta bi gari gida-gida tana huda duk galan magani da ta gani. Mata suka yi ta mita, kowace na rantsuwa ta wanke nata sarai. Amsar Inna ɗaya ce: "Ni ma na wanke nawa."

Yau robobi sun yi yawa har yara ƙwallo suke yi da su, Audi kuma ya yi furfura, jikoki na hawan kafaɗarsa. Inna ta daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙanta. Ina kewar safiyar da muke tafiya makaranta kowa da ƙwaryarsa, kunu na zuba mana a jiki, tana bayanmu tana faɗa. Har gobe in aka miƙo wa jikana gora, sai na tambayi abin da aka fara zubawa a ciki.