Kada Kowa Ya Ƙara Yarda da Idona

Shekara talatin da huɗu, kafin kowa ya iso sansanin masu gadin daji, Baba Leƙa ya riga ya buɗe ɗakin makamai. Ɗaki ne ƙarami mai taga ɗaya, da dogon tebur da mai ya mayar baƙi ƙirin, da bindigogi jere a jikin bango. Yakan wanke hannu, ya ja kujera gaban tagar, ya ɗauko ta farko. Ya zare ƙarfen da ke tura harsashi, ya zura igiya mai dalma a kai ta cikin bututun, da ɗan ƙyalle ɗaure a wutsiyarta, ya ja a numfashi ɗaya. In ƙyallen ya fito baƙi, ya sake wani. Sai ya fito fari tas zai shafa mai, ɗan kaɗan, don a cewarsa mai da yawa ƙura yake gayyata. Daga nan ya kara farcen babban yatsansa a gindin bututun ya tare hasken taga, ya kanne ido ɗaya, ya leƙa ta baki. Wannan leƙen ne ya ba shi suna, har ya danne na gaskiya.

Kada a yi masa ƙarya don ana yabonsa: Baba ba mutum ne mai sauƙi ba. An taɓa yin wani mai gadi da ya dawo sintiri cikin ruwan sama, ya rataye bindigarsa jiƙe ya tafi cin abinci. Baba ya bi shi har gaban kwano.

“Ka wanke hannu kafin ka fara?”

“Na wanke, Baba.”

“Madalla. Ita kuma wa zai wanke mata ciki? Surukarka?”

Haka ya tashi da loma a baki, ana ta yi masa dariya. Direban sansanin kuma har gobe yana ba da labarin wani babban baƙo da ya zo a gaggauce, ya nuna wata bindiga da ta daɗe a rataye ya ce a miƙo. Baba ya ce sai ya leƙa. Baƙon ya yi ta tsaki yana duban agogo. Da Baba ya zura sandar ƙarfe, sai ga busasshiyar laka ta zubo a tebur: zanzaro ne ya yi gini a ciki. Baƙon ya zauna, ya nemi ruwan sha.

Mutane kaɗan ne suka san tushen wannan taurin kai. Yayansa mai gadin daji ne, shi ya kawo shi aikin. Wata rana yayan ya yi tuntuɓe, bakin bindigarsa ya caki ƙasa, bai lura ba. Da ya harba, harsashi bai sami hanya ba, bututun ya tarwatse a hannunsa. Baba ne ya goyo shi daga cikin daji, kuma kafin su fito titi ya cika. Bai taɓa ba da labarin a sansani ba, daga bakin matarsa aka ji. Abin da kawai yake faɗa wa sababbin ma'aikata shi ne, toshasshen bututu mai riƙe da shi yake fara ci, kuma daga yatsu yake farawa.

Kai ne, Baba, wanda a tsawon zamanka a ɗakin makamai bindiga ko ɗaya ba ta fashe wa kowa ba. Ba a ba da lambar yabo a kan abin da bai faru ba, shi ya sa ba ka da ko ɗaya. Aminci ya kai ma'aikata suna karɓa daga hannunka su rataya a kafaɗa ko kallo ba sa yi. In an ce su duba, sai su ce, “Baba ya leƙa.”

Bara ne hasken da ke cikin bututun ya fara yi masa hazo. Ya ɗora wa tagar laifi, ya wanke ta sau biyu. Likita ya ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ya tafi, sauran ma lallaɓawa za a yi. Wata takwas suka rage masa ya yi ritaya. Ya ninke takardar likitan ya sa a aljihu, ya ce wa kansa hannunsa ya san aikin ko da ido ya gaji. Wannan shi ne kuskurensa, kuma shi da kansa ya ce kada a rubuta komai a kansa a tsallake shi.

Wata safiya Kofur, mace ɗaya tilo a cikin masu gadin, wadda yake kira ɗiyata, ta karɓi bindigarta ta fita. Ita kaɗai ce ba ta daina dubawa ba, don tsoronsa take ji tun tana sabuwa. Ba a jima ba ta dawo, ta tura ƙofa, ta ajiye wani abu a tafin hannunsa. Guntun ƙyalle ne jiƙe da mai. Ya yage daga igiyarsa ya maƙale a tsakiyar bututu, Baba ya leƙa bai gan shi ba.

“Baba, ni da kai kawai muka sani,” in ji ta.

Ya daɗe yana murza ƙyallen. Ya ce, “Da bindigar wani ce fa, ɗiyata?”



Ya sa aka dawo da duk bindigogin da suka fita, Kofur ta duba su ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya je ofishin shugaban sansani ya ajiye makulli da takardar likita a tebur. Shugaban mutumin kirki ne, a hannun Baba ya koyi kwance bindiga. Ya ce, “Haba Baba, wata takwas ne fa. Ka zauna a kujerarka, Kofur ta riƙa dubawa a bayanka. Wa zai sani?”

“Ranka ya daɗe, matsalar ke nan. Yaran nan sun daina dubawa saboda ni. Muddin suna ganina a gaban tagar nan, ba za su duba ba. Ranar da Kofur ta kwanta zazzaɓi fa?”

Washegari a faretin safe ya nemi izinin magana. Mutumin da ya shekara talatin da huɗu yana tsare kowa da ido ya tsaya a gabansu, ya ɗaga guntun ƙyallen. Ya ce, “Wannan nawa ne. Ni na bar shi a bindigar 'yar'uwarku. Idona ya tafi. Daga yau kada kowa ya ƙara yarda da idona, ko na wanda zai gaje ni. Kowa ya leƙa tasa.”

Abin da ciwo. An mayar da shi bakin ƙofar sansani, yana ɗaga sandar shinge wa motoci. Daga can yana jin ƙarar makullin ɗakinsa kowace safiya a hannun Kofur, kuma bai taɓa taka ƙafa ya je ya ga yadda take yi ba, don kada a ce Baba ya dawo. Matarsa ta ce watan farko ko rabin abincinsa ba ya ci.

Makon jiya ya cika kwanakin aikinsa. Babbar 'yarsa ta zo tafiya da shi, don yanzu ba ya gane fuska sai an matso. Masu gadin suka jeru a gefen hanya, kowa ya ƙame ya sara masa, shiru kamar yadda doka ta ce. Baba ya bi ta gabansu riƙe da hannun 'yarsa, kansa a ƙasa yana lalubar hanya, bai san suna nan ba. Kofur ce ta kasa jurewa, ta ba da umarni cikin kuka, suka buga ƙafa a ƙasa gaba ɗaya.

Ya tsaya cak. “Me ya faɗi?”

“Ba abin da ya faɗi, Baba. Mutanenka ne.”

Mun gode, Baba Leƙa. Allah ya saka maka, ya riƙe maka sauran ganin da ya rage. Duk wanda mutane suka miƙa wa rayuwarsu har suka daina dubawa, direba ne ko mai haɗa magani ko mai gyaran birki, ya koyi wannan daga gare ka: ranar da ƙarfinsa ya fara ja da baya, ya faɗa da bakinsa, a gaban kowa.

Kuma tunda ba ka gani ba, bari a faɗa maka. Su arba'in da uku ne suka tsaya maka, kowa ya ɗaga hannu, kuma kowa da yatsunsa cif.